Kwana biyu a New York: ta ina ake fara kallon benaye, gadoji da bakin ruwa?

Tambaya: Zan halarci wani taro a birnin New York, kuma bayan an tashi ina da kwana biyu kafin ranar jirgina. Burina in ga dogayen benayen nan, da gadar Brooklyn, da mutum-mutumin 'Yanci. An ce mini akwai wani kati da ake saye ya shigar da mutum wurare da yawa a kuɗi ɗaya. In saya? Kuma wane bene ya fi dacewa in hau?

Amsa: Ɗan'uwa, a kwana biyu ban ba ka shawarar sayen katin nan ba. Ba wai damfara ba ne. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar ka biya, sai hankalinka ya koma kan yadda za ka fanshe kuɗinka, ka wuni kana gudu daga wannan layi zuwa wancan, ka hau bene uku waɗanda kusan abu ɗaya suke nuna maka. Bene ɗaya ya ishe ka, shi ma a ƙarshe za ka hau shi. Ka fara da ruwa, sannan gada, sannan sama. Abubuwan da suka fi kyau a wannan tsari kuwa, yawancinsu kyauta ne ko kusa da haka.

Manhattan, wato tsakiyar birnin, tsibiri ne siriri, benayensa kuma a cunkushe suke. Idan ka tsaya a gindin Empire State a titi na 34, abin da za ka gani bango ne da ƙofofin shaguna, in ka ɗaga kai wuyanka ya ƙage ba ka ga ƙarshensa ba. Dogon gini sai an ja da baya ake ganinsa, a Manhattan kuma babu inda za ka ja da baya sai kan ruwa. Ga shi kuma asalin birnin ma daga ruwan ya taso. 'Yan Holan ne suka kafa shi a ƙarshen kudancin tsibirin a shekarun 1620 da sunan New Amsterdam, Ingila ta karɓe shi a 1664, sannan buɗe mashigin Erie, hanyar ruwan da aka haƙa, a 1825 ya haɗa tasharsa da manyan tafkunan cikin ƙasa, kayan gona da na fatauci suka riƙa malalowa ta nan. Kuɗin tashar jiragen ruwa ne ya fara ɗaga benayen.

Saboda haka da safiyar rana ta farko ka nufi tashar Whitehall, can ƙarshen kudu, ka shiga jirgin fiton Staten Island. Manyan jirage ne masu launin ruwan lemo, suna aiki dare da rana, kuma tun 1997 ba a biyan ko sisi. A kan hanyarka za ka haɗu da mutane sanye da riguna kamar na ma'aikata suna tare baƙi suna cewa ga tikitin zuwa ganin mutum-mutumi. Ka wuce abinka. Jirgin Staten Island ba shi da tikiti ko kaɗan. Tafiyar minti 25 ce. A zuwa ka tsaya ta hannun dama, nan ne mutum-mutumin zai bayyana. Idan an isa tashar St. George a Staten Island dole kowa ya sauka, sai ka zagaya ka bi layin masu komawa. A dawowa ka je can gaban jirgin, waje, ko da iska na kaɗawa. Da farko benayen kudancin Manhattan za su zama kamar wani ɗan tsibi a kan ruwa, sannan su riƙa rarrabewa ɗaya bayan ɗaya, One World Trade Center ya tsere wa sauran, gadar Brooklyn ta leƙo ta dama, har jirgin ya shige ƙarƙashin inuwarsu. A ganina babu wani bene da kallonsa ya kai wannan.

Ka ɗan waiwaya kudu maso gabas tun kuna kusa da Staten Island, za ka hango gadar Verrazzano-Narrows, wadda aka buɗe a 1964 a bakin mashigar tashar. Tsakanin hasumiyoyinta biyu mita 1,298 ne, kuma saboda lanƙwasar doron duniya kawunansu sun fi gindinsu nisa da juna da kusan santimita 4. Ta yamma kuma akwai manyan ƙugiyoyin ɗaga kwantena a gaɓar New Jersey. Can aikin tashar ya koma. Tun da aka fara jigilar kaya a kwantena daga Newark a 1956, tsofaffin matsayan jirage na Manhattan da Brooklyn suka rasa aiki, shi ya sa yau da yawansu sun zama wuraren shaƙatawa.

Shi mutum-mutumin 'Yanci, sai ka yanke shawara tun da wuri: hange ya ishe ka, ko sai ka taka tsibirin? Daga jirgin Staten Island za ka gan shi sarai amma da ɗan nisa. In kana son zuwa gindinsa, jirgin da aka ba izini yana tashi daga Battery, filin shaƙatawar da ke ƙarshen kudancin Manhattan, ana sayen tikitinsa ta intanet ko a tsohuwar ganuwar Castle Clinton, ana binciken kaya irin na filin jirgin sama, kuma da layi da komai zai cinye maka rabin yini. Hawa cikin kambin kansa tikiti ne daban wanda kan ƙare watanni kafin ranar, kuma matakala 162 ce matsattsiya mai murɗewa, babu lif. Mai ciwon gwiwa ko mai jin ƙunci a matsattsen wuri ya haƙura. Tocilan da ke hannunsa kuwa an rufe hawansa tun 1916, bayan fashewar makamai a Black Tom da ke kusa.

Abin da zuwa kusa ke ƙara maka shi ne ganin yadda aka yi shi. Kyauta ce daga Faransa, aikin Frédéric Bartholdi, an kawo shi gunduwa-gunduwa har 350 a cikin akwatuna 214, aka ƙaddamar da shi ranar 28 ga Oktoba, 1886. Tsayinsa mita 46, in an haɗa da dandamalin ya zama 93. Fatar jikinsa tagulla ce wadda kaurinta bai wuce milimita 2.4 ba, an rataye ta a kan ƙashin ƙarfen da Gustave Eiffel ya tsara, yadda za ta iya ɗan motsi da iska da zafi ba tare da ta tsage ba. Koren launin nan ba fenti ba ne. Da launin jan ƙarfe ya zo, iskar teku ce ta rine shi cikin kusan shekara 20. Kuɗin dandamalin ma sai da ya gagara, har Joseph Pulitzer ya buɗe gidauniya a jaridarsa, mutane sama da 120,000 suka ba da gudummawa, yawancinsu ƙasa da dala ɗaya. Tikitin ya haɗa da tsibirin Ellis, inda baƙin haure fiye da miliyan 12 suka bi suka shiga Amurka tsakanin 1892 da 1954. In tarihi na jan ka, Ellis ya fi mutum-mutumin cin lokaci, kuma ya cancanta. In hoto kawai kake so, jirgin kyauta ya wadatar.

Da ka sauko, ka taka da ƙafa zuwa arewa ta Broadway. Titunan nan a murɗe suke kuma matsattsu, domin sun girmi tsarin layukan da aka zana wa sauran tsibirin a 1811. Wall Street ya samo sunansa daga katangar da aka gina a 1653, kuma bayi 'yan Afirka na cikin waɗanda suka yi aikin. Ka tsaya a lamba 120 Broadway ka dubi ginin Equitable na 1915. Ba shi da wani kyau na musamman, amma shi ne mabuɗin fahimtar siffar birnin. Ya tashi tsaye cak daga bakin titi har hawa kusan 40, ya tare wa maƙwabta rana. Ƙorafin da irinsa suka jawo ya taimaka wajen kafa dokar gine-gine ta 1916, wadda ta ce in gini ya kai wani tsayi dole ya riƙa ja da baya daga titi don haske da iska su sauka ƙasa. Daga nan ne benayen shekarun 1920 da 1930 suka samu siffar matakala, faɗi a ƙasa, suna tsukewa har su ƙare da tsini. In ka riƙe wannan, za ka iya kallon gini daga nesa ka kintaci zamaninsa: mai matakala na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu ne, akwatin gilashi mai fili a gabansa na bayan sauya dokar a 1961 ne, siraran nan masu kama da sanda a kudancin Central Park kuma na 'yan shekarun nan ne, inda mai gini ke sayen haƙƙin sararin saman gajerun gine-ginen maƙwabta ya tara a kan ɗan filinsa.

Kaɗan gaba akwai Woolworth na 1913, mita 241, wanda ya riƙe kambin tsayi a duniya har 1930. Ta yamma da shi filin tunawa da harin 11 ga Satumba yake: manyan ramuka biyu masu zubar ruwa a daidai inda tagwayen benayen suka tsaya, an zana sunaye 2,983 a gefensu. Shiga filin kyauta ne, gidan tarihin ne ake biya. Sannan akwai wurin da yawancin baƙi ke wucewa ba su sani ba, a kusa da 290 Broadway: maƙabartar 'yan Afirka ta ƙarni na 17 da na 18, wadda aka gano a 1991 ana haƙan harsashin ginin gwamnati. An tono ƙasusuwan mutum 419, daga baya aka sake binne su a wurin. Minti ashirin sun isa, kuma daga nan bakin gadar Brooklyn 'yar tafiya ce.

Sai dai kada ka hau gadar daga wannan ɓangaren. Ka bar ta sai washegari da sassafe, ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Brooklyn, layin A ko C ka sauka High Street, ko layin F ka sauka York Street, ka tako daga can. Ta haka benayen suna gabanka duk tsawon tafiyar, rana kuma tana bayanka tana haska su. Wanda ya taso daga Manhattan da tsakar rana yana tafe ne yana ba abin kallon baya, cikin turmutsutsu. Kafin ka hau, ka leƙa titin Washington a unguwar Dumbo, inda gadar Manhattan ta 1909 ke tsaye tsakanin jajayen gine-ginen bulo biyu, Empire State kuma ya fito ɗan mitsitsi a tsakanin ƙafafunta. Mutane da yawa na ɗaukar hoton nan su tafi suna cewa gadar Brooklyn ce. Bambancin ba wuya: ta Manhattan hasumiyarta ƙarfe ce mai shuɗi-shuɗi, ta Brooklyn dutse ce mai baka biyu masu tsini.

Gadar Brooklyn tsawonta kusan kilomita 1.8 ne, hanyar masu ƙafa kuma ta katako ce, tana sama da motoci. Za ka ji katakon na ɗan rawa a ƙarƙashin takalminka, ta tsakanin allunan kana hango motoci na wucewa. In ka iso hasumiyar farko ka tsaya ka ɗaga kai. Manyan igiyoyi huɗu ne ke ɗauke da gadar, kowacce kaurinta kusan santimita 40, a cikinta wayoyin ƙarfe 5,434 a jere. Daga jikinsu ƙananan igiyoyi ke saukowa tsaye, wasu kuma na fitowa daga kan hasumiyar a karkace, su gitta juna kamar saƙar gizo-gizo. Waɗannan na karkacen su ne dabarar John Roebling ta hana iska jijjiga gadar, a zamanin da gadojin rataye ke yawan faɗuwa.

Shi Roebling bai ga ko fara ginin ba. A 1869 yana awon wurin jirgin fito ya matse masa ƙafa, ciwon tetanus mai sandarar da jiki ya kashe shi. Ɗansa Washington ya gaji aikin. Don a kafa harsashin hasumiyoyin a ƙarƙashin ruwa, sai aka kife wasu manya-manyan akwatunan katako marasa gindi a ƙasan kogin, aka riƙa hura musu iska mai matsi don ta kore ruwa, ma'aikata na ciki suna haƙa, ana jera duwatsu a samansu suna nitsewa. A lokacin ba a fahimci illar fitowa da sauri daga matsin iska ba. Ma'aikata suka riƙa shanyewa, wasu suka mutu, shi kansa Washington ya kwanta. A ɓangaren Manhattan abin ya yi tsanani har ya tsayar da haƙa a zurfin kusan mita 24, a kan yashi mai tauri, ba a kai ga dutse ba, kuma a kan yashin nan hasumiyar take zaune har yau. Matarsa Emily ce ta riƙe aikin sama da shekara goma, tana kai umarninsa wurin injiniyoyi, ta koyi lissafin igiya da ƙarfin kayan gini har tana amsa tambayoyinsu da kanta. Akwai allon tunawa da ita a jikin hasumiyar ɓangaren Brooklyn, ka neme shi. Ana tsakiyar aiki kuma aka gano ɗan kwangilar waya yana shigo da mara kyau, ga shi an riga an saƙa ta ciki ba ta ciruwa. Abin da ya ceci gadar shi ne tun farko an tsara ta da ƙarfi ninki shida na abin da ake buƙata, sai aka ƙara wayoyi 150 a kowace igiya. An buɗe ta ranar 24 ga Mayu, 1883, tsakiyarta mita 486, babu gadar rataye da ta kai ta a duniya a lokacin. Bayan kwana shida jita-jitar cewa za ta rufta ta haddasa turereniya, mutum 12 suka mutu. A shekarar da ta biyo baya mai wasan dabbobi P. T. Barnum ya ratsa ta da giwaye 21, talla ce a wurinsa, amma ta kwantar wa jama'a da hankali.

In gadoji sun shiga ranka, akwai ƙaramin jirgin ruwa na birni da ke tashi daga Pier 11 kusa da Wall Street ya bi East River zuwa titi na 34, 'yan daloli kaɗan. Zai bi da kai ƙarƙashin gadar Brooklyn, da ta Manhattan, da ta Williamsburg ta 1903, ka ga cikinsu daga ƙasa, ya kuma ajiye ka kusa da tsakiyar gari inda za ka ƙarasa yinin.

Yanzu maganar wane bene. Biyar ne ake yawan hawa, kuma tikitin kowanne yakan kama daga wajen dala 40 zuwa sama, ya ƙaru a lokacin faɗuwar rana. Ni Top of the Rock nake zaɓa wa mai zuwan farko, wato saman ginin 30 Rockefeller Plaza na 1933. Bai kai sauran tsayi ba, hawa 70 ne, amma yana tsakiya: ka juya kudu Empire State na tsaye a gabanka cif, bayansa benayen kudu da tashar da ka ratsa jiya, ka juya arewa ga Central Park, ko da yake sababbin siraran benayen sun fara tare wani sashe nasa. A dandamalinsa na can sama babu gilashi tsakaninka da birnin. Matsalar hawa Empire State ɗaya ce, in kana kansa ba ka ganinsa. Duk da haka in zuciyarka na kansa, ka hau, ba za ka yi da-na-sani ba: hawa 102, mita 381 zuwa rufi, 443 har da eriya, an gama shi cikin kwana 410 aka buɗe ranar 1 ga Mayu, 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arziki, har ya daɗe ofisoshinsa babu masu haya. Farfajiyar hawa na 86 a buɗe take, ita ce abin zuwa, ƙarin kuɗin hawa na 102 bai zama dole ba.

One World Trade Center shi ne mafi tsayi, ƙafa 1,776, wato mita 541, adadin da aka zaɓa don ya dace da shekarar 'yancin Amurka. Daga can tashar ruwa da gadoji sun fi fitowa, amma duk a bayan gilashi kake, kuma tsakiyar gari ya yi nisa. Edge a Hudson Yards baranda ce da ta zarto waje daga hawa na 100, da gilashi a wani sashe na daɓenta, ta masu son jin faɗuwar gaba ce. Summit a One Vanderbilt ɗakunan madubi ne sama da ƙasa, matasa na son sa saboda hoto, ni dai madubin na raba mini hankali da birnin. Abin da ya fi sauran da shi, kusancinsa da Chrysler.

Chrysler ba a hawansa, amma kada ka bar garin ba ka tsaya ka kalle shi ba, daga titi na 42 ta gabas. A 1929 maginin da ya zana shi, William Van Alen, yana tsere da tsohon abokin aikinsa H. Craig Severance wanda ya zana ginin 40 Wall Street, kowa na son nasa ya fi tsayi a duniya. Van Alen ya sa aka harhaɗa dogon tsinin ƙarfe a ɓoye a cikin kan ginin, sai da ɗaya ɓangaren suka ɗauka sun ci, a watan Oktoba aka zaro shi ta sama aka kafa. Ginin ya kai mita 319, ya wuce har hasumiyar Eiffel. Wata 11 kacal ya yi da kambin, Empire State ya ƙwace. Ka duba kusurwoyinsa na sama, akwai kawunan gaggafa na ƙarfe mai ƙyalli, a ƙasa da su kuma ado mai siffar kayan mota, domin mai ginin mai kamfanin motoci ne.

Kada ka sayi tikitin bene tun kana gida in ba lokacin cunkoson baƙi ba ne. Ka jira ka ga yanayin sama, domin ranar da gajimare ya sauko, mutanen hawa na 86 farin hazo kawai suke kallo, kuɗi kuma ba lallai a mayar ba. In sama ta yi garau, ka zaɓi shiga kamar awa ɗaya kafin faɗuwar rana, ka ga birnin da haske, ka jira a kunna fitilu. Ka riƙe rigar sanyi ko da a ƙasa ana zafi, iskar sama da ta kan ruwa daban ce. Takalmi kuma mai taushi, don a taswira komai kusa yake, amma daga kudu zuwa arewa layi 20 mil ɗaya ne, daga Battery zuwa Rockefeller kuwa ya haura kilomita 7. Wannan tazarar ta jirgin ƙarƙashin ƙasa ce, kana iya biya da katin bankinka ko wayarka a bakin ƙofa, ka adana ƙafarka don gada.